Kwanon Kajin Baba

Saura mako uku in kare digirina na uku a gaban manyan malamai na tafi gida Rijiyar Maliki, wai in huta. Gaskiya ba hutu ne ya kai ni ba, so nake a gan ni. Shekara huɗu ina fama da lissafin tattalin arziki, idona har ya fara neman tabarau, ga shi aiki ya kammala, an ɗinke shi da baƙin bango.

Abin da na yi bincike a kai ba shi da wuyar faɗi. Na tattara farashin gero na kowane mako, na shekara goma sha takwas, daga kasuwanni shida na ƙasar Daura da kewayenta, har da Mashi da Babban Mutum da ƙaramar kasuwar garinmu. Tambayata ita ce, shin kasuwannin nan tare suke tafiya? In gero ya tashi a ɗaya, sauran suna bin ta? Lissafi ya nuna biyar daga ciki kamar awakin da aka ɗaure da igiya ɗaya suke, kowace takan ɗan ja gefe amma ba ta nisa. Ta garinmu ce kaɗai ta tsinke. A cikin mako guda na shekarar 2001 farashin tiya ya yi tsalle da kashi goma sha takwas cikin ɗari, kuma bai sake saukowa ya daidaita da na sauran ba.

A kan wannan tsallen na gina babi na huɗu, shafi sittin. Na ce 'yan kasuwar Nijar ne suka buɗe sabuwar hanya ta bayan gari suna kwasar gero, shi ya raba kasuwarmu da 'yan uwanta. Na gwada shi ta kowace fuska da aka koya mini, ya tsaya daram. Malamin da ke duba aikina, Farfesa Maharazu, mutumin da yabo ke yi wa wuyar fita daga baki, ya karanta ya ce, "Wannan babin shi ne digirin." Kwana biyu ina jin maganar a kunnena.

Mahaifina Alhaji Sha'aban ya shekara talatin yana awon hatsi a kasuwar nan kafin gwiwa ta zaunar da shi. Sha'aban Mai Gyara ake ce masa, don ba ya auna tiya bai ƙara cikin hannu a kai ba, ko an roƙa ko ba a roƙa ba. Inna Zinariya, mahaifiyata, ta yi mita har ta gaji, tana cewa a gyara ribarsa take ƙarewa. Yanzu ba shi da aiki sai kajinsa da rediyonsa.

Bayan la'asar muna zaune a gindin darbejiyar tsakar gida ya ce, "Uwata, wai me kika yi shekara huɗu kina nema ne a jikin gero?" Sunan mahaifiyarsa Ikilima aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

Na buɗe kwamfuta da rawar jiki, na nuna masa layuka shida, biyar suna tafiya tare, ɗaya ya yi sama. Na yi masa bayanin 'yan Nijar da sabuwar hanya, har da ɗaga yatsa kamar ina gaban aji.

Ya matso da fuskarsa. "Wane lokaci ne nan wurin da ya ɗaga?"

"Dubu biyu da ɗaya, Baba. Mako biyu bayan Babbar Salla."

Sai ya fashe da dariya, har da tari. Inna ta leƙo daga madafa.

"Ai gero bai yi tsada ba a makon nan," in ji shi. "Tiya ce ta girma."

Na ce ban gane ba. Ya gyara zama ya ba ni labari. Da aka ƙaddamar da Shari'a, limamin garinmu ya yi Juma'a uku a jere yana huɗuba a kan tauye mudu. A lokacin, in ji Baba, mutane sukan kifa kwanon awo su bubbuga gindinsa da taɓarya ya lotsa ciki, a ido tiya ce, a ciki ba ta kai ba. Sarkin kasuwa na lokacin, marigayi Amadu, ya tara masu awo, aka yi odar sababbin kwanuka daga Kano, girmansu ɗaya, aka hana awo da tsofaffin. Tunda kwano ya ƙara ci, dole kuɗin tiya ya ƙaru. Shi kuwa ma'aikacin gona da ke zuwa ɗaukar farashi, tiya ya tambaya, tiya aka gaya masa, tiya ya rubuta.

"Su 'yan Nijar ɗin fa?" na tambaye shi.

"Suna zuwa mana. Tun ina saurayi suke zuwa."

Wallahi haushi ne ya fara kama ni kafin tsoro. Shekara huɗu, manhajar lissafi mai tsada, littattafan da ko ɗaga su aiki ne, a ce tsohon da bai taɓa zama a aji ba ya rushe mini babi yana watsa wa kaji dawa! Na shige ɗaki ko abincin Inna ban kalla ba.

Da safe na kira Farfesa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce labarin dattijo ba hujja ba ce a gaban kwamiti. In ina so in gyara alƙaluman, sai na kawo tsohon kwano da sabo an auna an ga bambancin. In babu, sai a cire babin, a ɗaga zaman zuwa baɗi. Ya ƙara da cewa, "Ke kaɗai kika san wannan magana, Ikilima. Ni dai na ji, kuma ba zan iya cewa ban ji ba."

Ba zan ɓoye ba, kafin in kira shi na yi tunanin yin gum da bakina. Babu ko mutum ɗaya a kwamitin da ya taɓa taka Rijiyar Maliki. Amma na san kaina, da na yi haka, duk ranar da aka kira ni Dakta sai na ji kamar da wata ake.

Ranar Laraba kasuwarmu take ci. Na sa hijabi na shiga layin 'yan hatsi, rumfa rumfa, ina gaida tsofaffi ina tambayar ko akwai mai tsohon kwano irin na kafin canji. Kowa ya tuna da canjin. Kowa ya tuna huɗubar liman, har da masu kawo mini ayar. Amma kwano? Wannan ya ce nasa dama cikakke ne. Wancan ya ce shi ai tun kafin liman ya yi magana yake faɗa da masu yi. Malam Zakiyyu, abokin Baba na ƙut da ƙut, ya dafa ƙirji ya ce, "'Yata, an yi, ba a ce ba a yi ba, amma ba a wannan rumfar ba." Na zagaye kasuwa kaf, na gano cewa an tauye mudu shekara da shekaru a garinmu ba tare da ko mutum ɗaya ya tauye ba.

Na dawo gida ƙafafuna sun yi futu-futu, na zube a tabarma. Baba yana kan kujerarsa, rediyo a kashe, abin da ban saba gani ba. Na ba shi labarin yadda aka yi. Bai yi dariya ba wannan karon.

Can ya jawo sandarsa ya miƙe da ƙyar. Ya nufi bakin akurki, ya sunkuya, ya ɗauki kwanon da kaji ke shan ruwa, ya zubar da ruwan. Kwanon nan tun da na gama sakandare nake ganin sa a wurin, duk ya yi tsatsa, ban taɓa yi masa kallo biyu ba. Ya wanke shi da toka da kansa, Inna tana tsaye tana kallo. Ya kawo ya kifa a gabana. Gindin ya lotsa ciki, ga sawun taɓarya nan a jere.

"Rannan na ce miki mutane," in ji shi. "To ni ma mutane ne."

Na rasa inda zan sa idona. Kunya ta kama ni kamar ni na yi.

Muka aika aka kawo sikeli daga shagon mai taki. Sabuwar tiya ta ɗauki gero kilo biyu da digo shida. Kwanon kaji ya ɗauki biyu da digo biyu. Na buga a waya, ya ba ni kashi goma sha takwas. Tsallen da na yi shekara huɗu ina yi wa ado, ga shi nan a gindin kwano.

Sai dai karatu ya riga ya ɓata ni. Na ce, "Baba, kwano ɗaya ba ya isa. Za su ce kai kaɗai ne. Sai an sami da yawa a ɗauki matsakaici."

"Nawa kike so?"

"Ko bakwai."

Washegari da hantsi ya sa babbar riga, ya rataya carbi, ya riƙe kwanon a hannu, ba a leda ba, ba a cikin aljihu ba. Na bi shi a baya har dandalin da tsofaffin kasuwa suke zama a ƙofar masallaci. Ya yi sallama, ya zauna, ya ajiye kwanon a tsakiyar tabarma gindinsa a sama.

"Ga nawa," ya ce. "'Yata tana son ta auna. Ba alƙali za a kai ba, makaranta za a kai."

Malam Zakiyyu ya kalli kwanon, ya kalli Baba, ya yi ta shafa gemu. Can ya ce, "Kai Sha'aban, ba ka da kirki." Ya tashi ya tafi. Na ɗauka fushi ya yi. Ba a jima ba sai ga shi da nasa a ƙarƙashin riga, wai matarsa tana ɗiban toka da shi. Daga nan abin ya zama wasa. Wannan ya tuna nasa yana turken awaki, wancan an rufe tulu da shi. Suka dinga tsokanar juna a kan wanda ya fi iya bugu. Kafin azahar kwano goma sha ɗaya ne a tabarmar, kuma da na auna su duka, matsakaicinsu bai yi nisa da na Baba ba.

Kwana goma sha biyu na yi ina sake babi na huɗu. Da na mayar da kowace tiya zuwa kilo, layin garinmu ya sauko ya shige cikin 'yan uwansa lafiya lau, ashe bai taɓa barin su ba. 'Yan Nijar ɗina da sabuwar hanyarsu suka tafi kwandon shara, shafi arba'in. Abin da ya maye gurbinsu gajere ne, kuma ba shi da ƙyalƙyali: kafin ka yarda farashi ya canza, tambayi abin da aka auna da shi. A ranar zaman, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya fi minti ashirin yana juya kwanon Baba a hannunsa, sauran babukan ko tambaya biyu ta kirki bai yi a kansu ba. Aka ba ni digiri da 'yan gyare-gyare.

Na koma gida da kwafin ƙarshe kafin a kai ɗauri, na zauna gindin darbejiya ina fassara wa Baba wurin da aka yi maganar kwanukan. Na karanta masa: "An samo kwano na farko daga wani tsohon mai awo da ya nemi a sakaya sunansa."

"Yaushe na nema?"

"Baba, haka ake yi. Don mutuncinka."

Ya girgiza kai. "Uwata, kuɗin makarantarki tun daga aji ɗaya har kika gama sakandare, a bakin kwanon nan suka fito. Abin da ya rage wa mutane, da shi aka saya miki littafi. Shekara goma sha uku ina ƙara cikin hannu a kowace tiya, ban san ko na biya ba, don ban san nawa na ɗiba ba. Ke ce kika fara gaya mini adadin." Ya nuna takardar da sandarsa. "Goge wannan. Ki sa Sha'aban, Rijiyar Maliki."

Sai a ranar na san dalilin gyaran da Inna ta yi shekaru tana mita a kai. Na ciro biro na soke layin, na rubuta sunansa, ina murna ina hawaye.

Farfesa ya so a bar kwanon a sashenmu, a sa shi cikin gilashi ɗalibai su riƙa gani. Na gaya wa Baba. Ya ce a gaishe da Farfesa da kyau, amma kajinsa sun ƙi sabon da Inna ta saya musu, a dawo musu da abinsu.