A Faɗa Mata da Turanci

Don Teyo yana kan tsani yana toshe tagar ɗakinsa da katako lokacin da motar gwamnati ta tsaya a ƙofar gidan. Ya ba saba'in baya, ga ƙusoshi a baki, ga gwiwa da ta daina jin magana tuntuni. Ko waiwayowa bai yi ba. Tun da gwamnati ta koyi Sifaniyanci ta daina tsayawa a gidansa, saboda haka ya ɗauka direba ne ya ɓata hanya.

"Don Teyo, sauko don Allah," in ji wata murya daga ƙasa.

Mis Tillett ce, jami'ar agajin gaggawa da aka turo daga Belmopan, babban birnin ƙasar. Yarinya ce mai hankali, baƙa doguwa, ta yi karatu a Meksiko, Sifaniyancinta ya fi na limamin cocinmu tsabta. Tun safe take kwashe mutanen ƙauyenmu Los Amates zuwa makarantar firamare da ke kan tudu, domin guguwa ta taso daga teku, an kuma ce kogi zai haura kafin duhu.

"Kowa ya tafi, saura tsohuwar nan Niña Fide," ta ce. "Ta kulle kanta a ɗaki. Gidanta ne na ƙarshe a bakin ruwa, ba sai na gaya maka ba. In ba ta fito ba, kogi zai tafi da ita."

Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu. "To ni me zan yi? Ai kin fi ni baki."

"Mutane sun ce in zo wurinka."

Ya so ya ja aji, amma ƙafarsa ta riga ta fara laluben matakala. Ya shiga ɗaki ya sauya riga, ya ɗauko farar malafar da ya daɗe bai sa ba, ya kaɗe mata ƙura.

Yaran yanzu ba su san ko wane ne Eleuterio Menjívar, wato Don Teyo, ba, tsoho kawai suke gani mai faɗa a kan lemonsa. Amma lokacin da muka gudo daga yaƙin El Salvador muka faɗo ƙasar Belize, inda hukuma ba ta magana sai da Turanci, mu kuwa sai Sifaniyanci, shi ne bakinmu, shi ne kunnenmu. Ya tsinci Turancinsa a tashar jirgin ruwa yana dakon ayaba, Turanci ne mai faci ta ko'ina, amma yana kai mutum inda za shi. Katin gudun hijira, takardar fili, rajistar haihuwa, ranar rigakafi, duk ta bakinsa suka bi. Shi ke shiga bas da mata zuwa Belmopan, ya wuni da su a kan bencin ofis, ya dawo da su da takarda a hannu.

In sanarwa ta zo, ƙarƙashin babban ɓauren tsakiyar gari ake taruwa. Wani Mista Bradley, mai jan wuya, kullum cikin gumi, zai karanta layi biyu ya yi shiru. Sai Don Teyo ya gyara malafa ya ɗauka. Takarda ta ce dole kowace uwa ta kawo 'ya'yanta ranar Alhamis, shi kuwa zai ce, "Gwamnati tana gaishe ku, tana tambaya ya masara. Ta ce ranar Alhamis nas za ta zo, mai ƙibar nan, ba siririyar mai mugun hannu ba. Wadda duk ta ɓoye ɗanta a bayan tulin itace, na san tulin." Mata su yi ta dariya. Mista Bradley ya dubi takarda, ya dubi tafinta, ya ce shi fa bai faɗi duk wannan ba. Don Teyo ya ce masa harshenmu ne ke da doguwar hanya. Daga nan a kawo pupusa, wainar masarar nan tamu, da zafinta, cuku yana dalala, a ci har da Mista Bradley.

Sai yaranmu suka shiga makaranta suka fito da Turanci. Gwamnati ta ɗauki masu jin Sifaniyanci aiki, takarda ta koma fuska biyu, ɗaya Turanci ɗaya Sifaniyanci, sanarwa ta koma shigowa ta waya. Abu ne mai kyau, babu mai musu, shi ma Don Teyo bai taɓa musawa a gaban mutane ba. Amma yana kewar ɓauren nan, yana kewar yadda idanu ke barin takarda su dawo kan bakinsa, kuma kewar tana cin sa fiye da ciwon gwiwa.

Da suka isa gidan Niña Fide, kogi ya riga ya cinye kan dutsen da mata ke wanki. Ruwan ya yi ja, yana tafe da rassa. Ƙofa a rufe, taga a rufe, kaji sun taru a ƙarƙashin rumfa. A tsakar gida wani kofur ne tsaye cikin kaki, cikin sojojin da aka turo taimako, ya jiƙe sharkaf. Don Teyo ya gane shi, Yovani Alas ne, jikan Niña Chon mai gasa burodi.

"Na yi iya yina, Don Teyo," in ji kofur. "Da harshenmu na yi mata magana, irin na gida, yadda kakata ke yi. Da farko ma a waje take tana ba kaji masara. Ina buɗe baki ta zubar da kwanon ta shige."

"Me ka ce mata?"

"Abin da ke takarda. Na ce, Uwa, kowa ya fito a taru a makaranta, ba za a daɗe ba."

Nan take Don Teyo ya gane. Duk wani tsoho a Los Amates ya san labarin, ko da yake ba a yin sa. A ƙauyensu Niña Fide, can cikin duwatsun El Salvador, wata safiya masu kaki suka zo suka ce kowa ya fito a taru a makaranta, ba za a daɗe ba. Ita tana rafi da wanki, ta ji daga nesa ta lafe cikin ciyawa. Mijinta Atanasio da ɗanta Neftalí suka tafi makarantar, har da gaisawa da sojojin a hanya, tun da duk harshe ɗaya ne. Ba wanda ya fito.

"Kai jikan Chon," Don Teyo ya ce a hankali, "daga yanzu ko atishawa za ka yi, ka yi ta da Turanci. Koma bayan mota." Ya juya ga Mis Tillett. "Ke kuma fito da takardar. Juya ta fuskar Turanci. Ki karanta da ƙarfi, layi layi, ki riƙa tsayawa ina fassarawa."

Ran yarinyar ya ɓaci, ya gani a fuskarta. "Don Teyo, na ɓata shekaru ina koyon harshenku don kada kowa ya sake buƙatar ɗan tsakani. Yanzu ka ce in yi kamar ban iya ba?"

"Kin kyauta, 'yata, Allah ya biya ki. Amma matar nan ba a taɓa kashe mata kowa da Turanci ba."

Ta zaro takardar daga aljihu. Ta juya takardar, ta share ruwa daga fuskarta, ta ɗaga murya ta karanta layin farko da Turancin ofis, mai sanyi, wanda babu ruwansa da kowa. Don Teyo ya gyara malafa, ya matsa jikin taga.

"Jama'ar Los Amates, wato ke kaɗai, tun da sauran sun fi ki hankali! Gwamnati tana gaishe ki, tana tambaya ya ƙafa."

Babu motsi. Iska ta ɗaga kwanon rumfa ta sake shi. Sai can murya ta fito ta tsagin katako.

"Teyo? Ashe ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ki fara, Niña Fide. Mata ake ba hanya."

"Marar kunya. Wace ce ke yaren gwamnati?"

"Sabuwa ce, ta gaji Mista Bradley. Ta fi shi kyan gani, ba ta kuma ci kamar shi."

"To me ta ce?"

Mis Tillett ta karanta cewa ana sa ran ruwa zai haura gaɓa, an umarci mazauna bakin kogi su koma mafaka. Don Teyo ya ce gwamnati ta ce kogi ya sha ya bugu yau, zai shigo gidajen mutane ba sallama, don haka tana roƙon arziki a zo a kwana a tudu. Ta karanta cewa an tanadi abinci da barguna. Ya ce akwai wake da shinkafa, amma Chon ce ta dafa, gara mutum ya zo da gishirinsa.

"Tambaye ta kajina fa?"

Ya juya ya tambaya da Turancinsa mai faci. Mis Tillett, wadda ta ji tambayar sarai tun daga bakin mai ita, ta jira ya gama, sannan ta amsa. Ya ce gwamnati ta ce kaji ma 'yan ƙasa ne, za a sa su a kwando.

Aka ji ana jan sakata. Niña Fide ta fito, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin baƙin mayafi, da ƙullin kaya a hannu wanda da gani an daɗe da ɗaure shi. Ba ta dubi wajen da kofur yake ba. Ta kama hannun Don Teyo, suka taka zuwa mota ruwa yana lasar musu idon sawu.

A hanya ta matso kusa da kunnensa. "Kada ka ɗauka na haukace, Teyo. Na san yarinyar nan tana jin maganarmu, ita ta cika min takardar asibiti bara. Yaron ma na san shi, ni na yi masa wankan farko. Kaina ya san ba su ba ne. Ƙafafun ne ba su sani ba."

Ya ƙara riƙe hannunta.

Makarantar ta cika maƙil. Ta ƙofar aji ana hango katifu a ƙasa, yara suna tsalle a kan tebura, wani ya kunna rediyo. Ruwan sama ya fara zuba da gaske. Suka hau baranda, saura 'yan taku su shiga, sai Niña Fide ta tsaya cak. Ta ƙura wa ƙofar ido, farcenta ya nutse a hannunsa. Waɗanda ke ciki suka juyo suna kallo. Wani malami da ke riƙe da katakon tokare ƙofa ya dubi sama, ya dubi Mis Tillett.

"Ci gaba da magana, Teyo," in ji tsohuwar, da ƙyar ake jin ta.

"Takardar ta ƙare, Niña Fide."

"To ta karanta wata."

Mis Tillett ta laluba aljihu, babu komai. Ta waiga hagu da dama. A jikin bango, gefen ƙofa, akwai allon da aka rubuta wa 'yan aji ɗaya dokokinsu da fenti mai launi. Ta matsa kusa, ta gyara tsayuwa, ta karanta na farko da cikakkiyar muryar hukuma.

"Gwamnati ta ce a wanke hannu kafin a ci abinci," in ji Don Teyo.

Niña Fide ta ja ƙafa ɗaya.

"Ta ce banda gudu a baranda. Kin ji, da ke take."

Ta ja ɗayar.

"Ta ce wanda zai yi magana ya ɗaga hannu tukuna."

Hawaye yana bin kumatun Don Teyo yana shiga gashin baki, bai share ba, don hannunsa ɗaya yana wurinta, ɗayan yana dafe da malafa kada iska ta ɗauke. Mis Tillett ta kai layin ƙarshe. Yana cikin gaya wa Niña Fide cewa gwamnati ta hana cin cingam a aji sai tsohuwar ta ɗaga ƙafa ta tsallake dokin ƙofar.