Baba Ya Buɗe Daga Dama

Zaharadeen yana kan tsani a unguwar Jonquet, yana cike cikin harafin ƙarshe na allon wani mai gyaran waya, sai mai shagon ya ɗago masa waya ya tambaye shi ko wannan ba ƙanensa ba ne. Bai ko leƙa ba ya san shi ne. Muryar Muntasir ce, wadda kwana uku ke nan tana bin sa duk inda ya sa ƙafa, rabi Hausa rabi Faransanci, tana shelar cewa littafinsa ya fito daga maɗaba'a. Zaharadeen ya ce shi ne, Allah ya sanya alheri, ya ci gaba da fenti. Sai da ya sauko ya ga ƙafar harafin ta karkace, abin da ya shekara goma bai same shi ba.

Gaskiya dai kishi ke cin sa, kuma ya san kishi ne. A duk Zongo shi aka fara sani da zane. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya cika littafin makaranta da fuskokin mutanen unguwa, daga mai kilishi har ladan, kowa ka gani ka gane shi. Ranar da littafin ya faɗa hannun mahaifinsu, Alhaji Ɗahiru, tsohon bai yi faɗa ba. Ya jefa shi a murhu, ya ce a gidansa ba a zana mai rai. Zaharadeen ya bi umarnin. Shekara ashirin da biyu ke nan haruffa yake rubutawa a allunan shaguna. Ko masu aski suka nemi a zana musu kawuna, almakashi da mataji yake yi musu, su kai aikin wani wuri.

Shi kuwa Muntasir, autan gida, sana'arsa ya zauna a ɗaki gaban fanka yana buga wasan bidiyo, yana ihu, yana ɗorawa a intanet duniya tana kallo. Wasan na tara zinariya ne a gina gari, kuma yara daga unguwar Saint-Michel har Niamey sun haddace barkwancinsa. Yanzu ya mayar da wasan littafin zane na yara: wani Farid ya bar bukkar uwarsa ba takalmi, ya yi ta ƙwace jakunkunan zinariya, ya ƙare da fada da rawanin sarauta. Muntasir ko kaza bai iya zanawa ba. Wata Malika ya ɗauka a unguwar Cadjèhoun ta zana masa. Abin da ya fi ƙona wa Zaharadeen rai, ba a ma tambaye shi ba balle ya ƙi.

A gidan Alhaji akwai al'ada tun kakanni suna fataucin goro: ba a sayar da sabon kaya sai babba ya ɗora hannu ya sa albarka. Muntasir bai manta ba, sai dai ya yi dabara. Jiya ya zo shagon yayansa da kwafi ɗaya kyauta, yana washe baki, ya ce zai kai wa Baba kwalaye a liƙe, tsoho ya dafa ya yi addu'a, shi ke nan.

"Yaya, ka rufa mini asiri. Littafin yara kawai zan ce masa."

Wannan kwafin ne Zaharadeen ya cusa cikin riga bayan la'asar, ya tare zemijan, wato ɗan acaɓa, ya ce Zongo. A hanya yana ta faɗa wa kansa ba mugunta ba ce, adalci ne: murhun da ya ci nasa bai tsufa ba. Har ya tsara fuskar da zai yi idan Baba ya ɗaga murya, fuskar wanda abin bai yi wa daɗi ba.

Ya tarar da su a zaure. Kwalaye uku a jere, Alhaji a kan buzu da carbi, Muntasir a durƙushe ya sa hula kamar mutumin kirki. Zaharadeen ya gaida mahaifinsa, ya zaro littafin ya ajiye a gabansa, ya ce ya ga bai kamata Baba ya sa albarka a abin da idonsa bai gani ba. Muntasir ya dube shi sau ɗaya, ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya sa tabarau. Bai taɓa shiga lekol ya yi boko ba, karatunsa duk na allo ne da littattafan Larabci, don haka ya juya littafin ya buɗe shi daga bangon dama, kamar yadda yake buɗe kowane littafi tun yana yaro. Abin da ya fara gani shi ne shafin ƙarshe: Farid a kan karaga, ga rawani, ga zinariya tuli a bayansa. Ya haɗe gira. Zaharadeen ya ji wani sanyi a ƙirjinsa, ya gyara zama.

Tsohon ya lashi yatsa ya juya. Fadar ta ragu, babu hasumiya ɗaya. Ya sake juyawa, ga Farid da wani gurgu, hannayensu biyu a kan jaka guda. Zaharadeen mai zane ne, nan take ya ga abin da ke faruwa: Malika ba ta nuna wanda ke ja ba, don haka ƙwace ya koma kyauta. Haka aka yi ta tafiya. Doki ya tafi, alkyabba ta tafi, jakunkuna suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya a hannun talakawa. Girar Alhaji ta saki. Carbin ma ya ajiye.

A shafin da ya zama na ƙarshe, yaro ne tsaye ba takalmi a ƙofar bukka, uwarsa ta riƙe masa hannu. Alhaji ya daɗe a nan. Mutum ne da gobara ta cinye masa rumfar atamfa a yini ɗaya, ya dawo gida ya ci tuwonsa kamar kullum. Yau ga hawaye yana bin gefen hancinsa yana shiga gemu. Zaharadeen bai taɓa ganin haka ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarsu.

"Ashe wa'azi yaron nan yake yi a ɗakin can, ina cewa shirme ne," in ji Alhaji. Ya tura littafin gaban Zaharadeen, ya ɗora yatsa a kan rubutun da ke saman kan yaron. "Kai ne mai haruffa. Me yake ce wa uwarsa a nan?"

Rubutun a fili yake. Farid cewa yake: Inna, na tafi, ba zan dawo ba sai zinariyar duniya duk ta zama tawa. Zaharadeen ba sai ya yi ƙarya ba, ba sai ya ƙara gishiri ba. Abin da ya rage kawai ya karanta layi ɗaya, ya juya littafin daidai, a gama. Abin da ya hau zemijan dominsa ke nan, ga shi an miƙo masa. Muntasir ya ƙura wa tabarma ido, gumi yana ɗiga daga ƙarƙashin hular. Zaharadeen ya buɗe baki, sai idonsa ya sake faɗawa kan jiƙaƙƙen gemun nan.

"Cewa ya yi, Baba: Inna, na dawo. Na je na riƙe komai, ban sami abin da ya kai hannunki ɗumi ba."

Alhaji ya cire tabarau ya share ido da bakin riga. Ya sa aka maimaita masa. Sannan ya kamo kan Muntasir ya dafa, ya yi ta zuba masa albarka, irin wadda Zaharadeen ya shekara ashirin da biyu yana zana almakashi bai samu ba. Ya dafa kwalayen ɗaya bayan ɗaya ya tofa musu addu'a.

"Ka ji maganar ƙanenka?" ya ce wa Zaharadeen. "Ɗan ƙaramin yaro, amma dubi inda hankalinsa ya kai. Irin wannan magana ba kowa Allah ke ba ba."

Zaharadeen ya ce haka ne. Kishin bai tafi ko'ina ba, sai ma ya ƙaru, don yanzu har da maganar bakinsa aka haɗa aka ba wani. Muntasir ya ɗago yana son cewa wani abu, yayan ya harare shi.

Alhaji ya mayar da tabarau, ya ce magariba da saura, a koma farko a karanta masa duka, kada a tsallake ko layi ɗaya. Shafi arba'in da takwas ne, kowanne da abin da za a sa a bakin Farid. Zaharadeen ya dubi sunan ƙanensa da aka buga da manyan haruffa a bango. Ya matso kusa da buzun mahaifinsa, ya yi gyaran murya, ya buɗe littafin daga dama.