Ratar da Ke Bayan Tagar Paulina

Tun da aka ɗaura musu aure, Meshak bai taɓa wanke ko cokali ba. Amma je ka gan shi a bayan taga da tsumma, yana goge wani ɗan tangaran kamar jaririn da aka haifa jiya! Wannan abu yana ba matarsa Paulina dariya, yana kuma ba ta haushi.

Ma'aikacin wayar reluwe ne a Kafanchan. Da ya sayo rediyo, sai ya ja eriya daga bishiyar mangwaro zuwa ɗaki. A bayan taga ya kafa tangaran ɗin da ƙusa biyu suna kallon juna, 'yar rata a tsakaninsu. Ta sama tana haɗe da eriya, ta ƙasa kuwa wayarta ta nutse cikin ƙasa.

"Murya ba ta iya tsallake ratar nan, sai ta wuce ɗaki," in ji shi. "Wutar tsawa ce kaɗai ke tsallakewa, ta bi ƙasa."

"To, Baban Magdalene, Allah ya sa wata rana kwanukana su samu wannan gata."

Ran wata Lahadi da yamma za a sa mawaƙan cocin su Magdalene a rediyo daga Kaduna. 'Yarsu ke nan tilo, rabon Paulina da jin muryarta tun Kirsimeti. Ta yi kunu, ta kira maƙwabta. Ga hadari ya haɗo, ga Meshak an kira shi gyaran waya.

Yayyafi na sauka, rediyo ya koma shuuu. Paulina ta murɗa nan, ta buga can. Wayyo, kamar ta yi kuka! Sai ta leƙa taga. Baƙin hayaƙin jiragen ƙasa ya lulluɓe tangaran ɗin, ruwa ya jiƙa shi, ya haɗe ƙusoshin. Ashe ta nan muryar ke zurarewa ƙasa.

Tsawa tana nesa tukuna. Ta fizge ɗankwalinta na zuwa coci, ta fita ta goge tangaran ɗin tas, ta komo da gudu.

Waƙa ta cika ɗakin. Can sai sama ta tsage, wani shuɗin tartsatsi ya yi ƙas a tsakanin ƙusoshin. Maƙwabta suka yi ihun sunan Yesu. Rediyo ya yi tari sau ɗaya, ya ci gaba, kuma daidai nan wata siririyar murya ta ɗauki baiti ita kaɗai.

"Ita ce! Tawa ce!" Paulina tana dariya, hawaye na zuba.

Meshak ya dawo jiƙe sharkaf, waƙa ta riga ta ƙare. Ya ga ɗankwalin baƙi ƙirin a kan kujera, ya dubi taga, ya dubi matarsa. Ya ɗebo ruwa da sabulu, ya tsuguna ya fara wanke mata shi.

"Zauna kusa," ya ce. "Rera mini yadda ta yi."