Ƙarfen Tuwo

Kawuna Kamwendo tsinkar ganyen shayi yake yi a gonar wani Bature, a gindin dutsen Mulanje. A gonar akwai guntun ƙarfe rataye a bishiya. In an buga shi, an sauke tuwon nsima ke nan, wanda ya makara sai ƙanzo. Kawu bai taɓa makara ba. A kwandon shayi ma yake ɓoye kwanonsa.

Da yaƙin Turawa ya tashi, aka ce masa soja kullum nama suke ci. Bai tambayi komai ba, ya bi su har Habasha.

A sansanin ma akwai ƙarfe a bishiya, sai dai can in an buga, jirgin abokan gaba ne tafe, kowa ya faɗa raminsa. Da aka buga, kowa ya yi rami, kawu ya yi madafa da kwano.

Saje Mbewe, ɗan garinmu, ya ci kwalarsa. "Kai sakarai! Wannan ƙarfen mutuwa ne!"

"Ranka ya daɗe, kunnena ya gane. Ƙafafun ne ba su gane ba."

Rannan bam ya faɗa daidai ramin kawu, shi kuwa yana can yana lasar murfin tukunya. Ya zo ya leƙa wurin, ya ce, "Saje, sake faɗa min, wane ne sakaran?"

Saje ya rantse in ya ƙara, ya yi sallama da nama har ƙarshen yaƙi. Wannan kam ƙafafun sun gane.

Sai aka kawo sabon kuku, shi ma daga gonar shayi. Da ya sauke tukunya, ya ga ƙarfe a bishiya, ya buga abinsa. Kawu ya runtse ido ya yi tsalle cikin rami, ya dira a kan kububuwa. Saje ya ce maganar kawu ta ƙarshe kafin ya cika ita ce, "Wa ya ci rabona?" Sajen ne ya dawo mana da kwanon.

Yanzu babban ɗana Limbani ya kafe sai ya shiga soja, ni kuwa abinci ya daina shiga min. Jiya na ce bari in gwada shi. Na zaga bayan rumbu na buga fartanya a kan dutse. Kafin in buga na biyu, ga shi a guje, da kwanon kawu a hannu.

"Baba, an sauke?"

Na ce wa uwarsa ta ɓoye takalmansa.