Gurbi na Biyu

Na'urar ta fara kuka ana gab da ganin watan azumi, kuma tun daga ranar Malam Iliyasu bai sake zama wuri ɗaya ba. Kukan ba mai ƙarfi ba ne, siriri ne kamar na ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa, amma har masallaci yake bin sa. Sai ya tayar da salla hankalinsa yana can ɗakin da ke jikin zaure, inda baƙin akwatin yake zaune a kan tebur da faifan ajiya huɗu a cikinsa, kowanne a gurbinsa, a jere. A cikin faifan nan duk tafsirin marigayi mahaifinsu yake, na shekara da shekaru.

Ƙanensa Marwan ne ya kawo na'urar gidan. Shi ne ɗan lakwal a cikinsu, wanda ya yi boko, da rani yana Kano yana gyaran kwamfuta, da damina ya dawo Matameye ya kama fartanya. Shi ya juye tsofaffin kaset ɗin Malam, mahaifin nasu, cikin akwatin, kaset ɗin kuwa daga baya ruwa ya zubo ta rufi ya gama da su. Ya yi wa yayansa bayani tun farko cewa faifan huɗu hannu suke haɗawa su riƙe karatun: in ɗaya ya mutu sauran ukun za su riƙe har a sa sabo, in biyu suka fita a tare shi ke nan. Kowane azumi gidan rediyon gari yakan aiko a kwafi karatun ranar, a sa bayan la'asar, sannan su goge nasu kwafin don a sami wurin na gobe. Da an fara, mahaifiyarsu Hajiya Baiwa takan jawo rediyonta kusa da tabarma, ta hana kowa magana.

Da Iliyasu ya kira Kano, Marwan ya duba daga can ya ce faifai ɗaya ne ya mutu, zai ba direba sabo ya kawo ranar kasuwa, amma a ajiye shi kawai har ya zo da kansa. Iliyasu ya ce to. Wanda ya san shi ya san wannan to ɗin ba ta da nisa, don mutum ne da ko shayi bai taɓa jira ya huce ba. Ya je tasha ya dawo, ya sake komawa, ya tsare direbobin Kano da tambaya har suka fara kauce masa. Da faifan ya iso ya sa shi ƙarƙashin matashi, ya ciro, ya mayar cikin akwatin littattafai, ya sake cirowa. Tsoro yake ji ƙwarai, kada wani faifan ya bi ɗan'uwansa kafin Marwan ya gama abin da ya riƙe shi a Kano.

Ya dame shi da waya har Marwan ya gaji ya sallama. Na'urar gwanjo ce, ƙananan fitilun da ke nuna faifan da ya mutu sun daina aiki tun kafin a sayo ta, wayar Iliyasu kuma ba mai ɗaukar hoto ba ce. Saboda haka da baki aka yi aikin.

"Yaya, na biyu za ka zare. Na biyu kawai, kada ka taɓa sauran."

"Na biyu. Na ji."

Iliyasu ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya tsaya gaban akwatin ya ƙirga. Daga dama ya fara, don bai taɓa sanin jeri yana da wani mafari ba. Daga dama Malam ya koya masa rubutun allo, da dama yake sa takalmi, in ya shiga taro daga dama yake fara miƙa hannu. Marwan kuwa, da ya yi shekaru yana bin layin boko, daga hagu yake ƙirga nasa, shi ma bai taɓa kawo wa ransa cewa sai an faɗa ba. Haka Iliyasu ya zare lafiyayyen faifai ya bar mataccen a zaune, ya tura sabon a hankali har ya ji ya kama.

Ɗan gilashin da ke gaban na'urar ya fito da rubutun Faransanci. Ya sake kira. Marwan na tsakiyar kasuwa, rezon waya na yankewa, mai kaya na tsaye a kansa. Ya ɗauka tambayar da ya sani ce, ta a fara cika sabon faifai, ya ce a danna maɓallin tsakiya. Iliyasu ya danna. Kukan ya tsaya, ranar ya ci tuwo har da ƙari.

Da ɗan aiken rediyo ya zo kwafar karatun farko, ya buɗe ya tarar da akwatin wayam. Tambayar da na'urar ta yi ashe ta a share a fara sabon lale ce.

Marwan ya iso da ƙurar hanya a jikinsa, ko ruwa bai sha ba ya wuce ɗakin. Ya daɗe yana kallon guraben kafin ya juyo.

"Yaya, nuna mini na biyu."

Iliyasu ya ɗaga hannun dama ya nuna. Marwan ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga yadda yatsan ya taho daga dama, daidai yadda Malam yake bin layi a kan allo, faɗan ya maƙale masa. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ya yi ta fama da faifan, ya mayar da wannan ya ciro wancan, ya kira abokan sana'arsa na Kano da Damagaram, Iliyasu na zarya tsakanin zaure da ƙofar ɗaki yana tambayar ko an samu. Ba a sami ko aya ɗaya ba.

Babu wanda ya iya tunkarar Hajiya da maganar. Iliyasu ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, bare su zauna doguwar hira. Da aka ga wata, ya ɗauki littafin mahaifinsa ya tafi gidan rediyo da kansa. Shekaru ana roƙonsa ya hau buzun Malam yana cewa ai muryar mai shi tana nan, yau babu abin fakewa. Ya yi karatun gumi na karyo masa, mutane suka ce ya yi kyau.

Da ya dawo ya tarar da ita a tsakar gida tana dama kunun buɗa-baki, rediyon a kashe a gefenta. Ya durƙusa nesa kaɗan, ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta saurara ba ta dube shi ba, ludayin na ta juyawa. Ta ce Allah ya yi albarka, karatu ya yi, haka za a ci gaba. Har ya yunƙura zai tashi da ɗan sauƙi a ransa, sai ta sake magana, kamar da ƙwaryar take yi.

"Akwai wani wuri, a tsakiyar wata, da yake tsayawa ya yi tari, ya ce a gaya wa mutanen gida su kawo ruwa. Nan nake jira kowace shekara."

Iliyasu ya san wurin. Ya sha jin sa, har yakan yi tunanin a ce Marwan ya yanke shi don ba karatu ba ne. Ya koma ya zauna a inda yake, aka kira salla bai ji ba, sai da ta turo masa kunun gabansa.