Kwamfutar da Ta Ƙi Zubar da Shara

A shekarar 1988 aka kawo kwamfuta ofishin noman rani na Kura, aka yanka wa kowane ma'aikaci kasonsa a cikin faifanta kamar yadda ake yanka fuloti. Surajo, akawun da ke fitar da takardar rabon ruwa, mutum ne da ba ya zubar da komai. Ko fayil ɗin bara da ya gama amfani sai ya adana, wai ajiya maganin wata rana.

Ran wata Laraba kawunsa Sammani ya taso daga Bunkure a kan keke, ransa a ɓace. Albasarsa ta fara langaɓewa, mai buɗe ƙofar kanal kuma ya rantse ba zai saki ruwa ba sai ya ga takarda daga na'ura.

Surajo ya ce wa Kawu ya sha kuruminsa, ya zauna gaban baƙin allon kwamfutar ya buga umarnin fitar da takardar. Kwamfuta ta ce kasonsa ya cika. Ya ce ai da sauƙi, ya buga umarnin goge tsohon fayil. Ta ce ba za ta goge ba, kasonsa ya cika. Kai, ka ji rainin hankali. Ya kashe ya kunna, ya yi mata tsaki, har fifita ya yi mata ko zafi ne ya dame ta. Tana nan a kan bakanta.

Rekiya, mai tebur na kusa da shi, ta gaji da tsakin. Ta bayyana masa cewa injiniyan da ya haɗa na'urar ya sa duk abin da za a goge sai an fara kwafe shi cikin kwandon shara, kwandon kuwa a kason mutum yake zaune, in kaso ya cika babu inda za a kwafe shi. Ta rubuta masa umarnin da ke gogewa kai tsaye, ta ja masa kunne ya riƙa kiran sunan fayil ɗaya bayan ɗaya.

Kawu na ta gyaran murya a bakin taga. Gaggawa ta kama Surajo, ya danna alamar tauraro, wadda ke nufin duka. Na'urar da ta yini tana gardama, wannan karon ko tari ba ta yi ba. Ya duba, wayam. Har fayil ɗin rabon ruwan rani gaba ɗaya ya tafi. Tsoro da kunya suka rufe shi.

Kawu ya leƙo. "Ɗan nan, ta yarda?"

"Ta yarda, Kawu."

"Madalla. Bari in yi gaba in gaya wa mai ƙofa ya shirya, ka biyo ni da takardar."

Ya hau kekensa yana sa wa Surajo albarka.