Awo ko Kotu

"Miƙo hannunki in gani," na ce mata ta cikin ragar ƙarfen ɗakin ziyara.

Mai Kitso ta ɓoye hannun a bayanta tana dariya. "Yaya, ke dai ba ki rabo da bincike. Ƙiba ce. Gidan yari ya karɓe ni."

Na haifi biyar, na san ƙiba, na san kumburi. Fuskarta ta yi suntum, yatsun da ke yi wa rabin layinmu kitso ko dunƙulewa ba sa yi. Maƙwabciyata ce, bango ɗaya ya raba mu, in ta yi tari ina ji. An sami kayan sata a ɗakinsu, mijin ya cika wandonsa da iska, aka tafi da ita da ƙaramin ciki. Ga shi cikin ya tsufa tana jiran shari'a.

"An kai ki awo?"

Gandirobar da ke tsaye a kanta, wata dattijuwa mai tabarau, ita ta amsa. "Mota ɗaya gare mu, baiwar Allah. Ranar awo ita ce ranar zaman kotunsu. Kullum sai na tambaye ta, asibiti ko kotu, ta ce kotu."

"Ma'aikaciyar jinya fa?"

"Akwai ɗakinta. Abin awon jinin ne ya lalace."

Raina ya ɓaci. Na yi wa Mai Kitso faɗa kamar ni na haife ta, na ce hawan jini ba abin wasa ba ne. Ta bari na gama tas.

"In na ƙi zuwa kotu, sai a ɗage shari'ar zuwa bayan na haihu," ta ce. "Kin san bakin yaran layinmu. Ba zan haifi ɗan da za a riƙa ce wa ɗan gidan yari ba. Wannan karon alƙali zai sake ni, in je awon da ƙafata."

Wannan karon ma ɗagewa aka yi, wai mai gabatar da ƙara ya yi tafiya. Ranar zama na gaba kuma ba su isa kotun ba. Jijjiga ta kama ta a cikin mota, gandirobar ta yi ta dukan bayan direba har ya juya zuwa asibiti. Ita ce ta kira ni da wayarta.

Ko da na isa an yi mata aiki, an ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya, tana numfashi. Uwar kuwa tana kwance, na matsa bakin gadonta. Idanunta a buɗe suke, amma ba ni suke kallo ba.

"Yaya? Ke ce? Duhu nake gani."

"Ni ce, ƙanwata. Kin samu mace."

Ta lalubo hannuna. "A ina muke?"

"Asibiti."

"Waje ne?"

"Waje ne. A waje kika haife ta."

Ta yi ajiyar zuciya. Kafin rana ta yi sanyi ta cika. Na yi kukan da ban yi wa 'yar uwata ta jini ba, kuma har yau in na tuna ƙirjina zafi yake.

Da aka zo rufe ta, mai jinya ta yaye mayafin ƙafa, sai ga sarƙa daga idon sawunta zuwa ƙarfen gado. Gandirobar ta durƙusa, ta ciro makulli, ta buɗe a hankali kamar mai tsoron tashin ta daga barci. Ƙarfen ya bar shaida mai zurfi a kumburin. Ta cire tabarau, ta sa babban yatsa tana ta shafa wurin, shaidar ba ta cike ba.